Ninki Biyu Nawa Ne? Sharhi Kan Wata Kalmar Turanci da 'Yar'uwarta ta Hausa

Kwanakin baya mun jefa wata tambaya a zauren WhatsApp na danginmu, waɗanda suka watsu tsakanin Yelwa, Wara da ƙauyukan Shanga. Muka ce: a ƙaddara buhun albasa naira dubu goma ne a kasuwar Yauri, sai aka ji a labarai cewa farashinsa "ya ƙaru da ninki biyu". Nawa ya koma? Yawancin mutane suka ce dubu ashirin. Wani ƙanenmu mai karatun akanta ya ce dubu talatin, domin an ce ƙari ne, wato goma ta asali tana nan, aka ɗora mata goma biyu. Goggonmu mai sayar da atamfa ta aiko da saƙon murya, ta ce duk ba mu iya lissafi ba, dubu arba'in ne: ka ninka goma ta zama ashirin, ka sake ninkawa ta zama arba'in.

Su duka Hausawa ne, babu wanda ya koyi harshen a aji. Amma jimla guda ta ba su amsa uku, kuma tsakanin ƙaramar amsa da babbar akwai kuɗin buhu biyu. A ganinmu laifin ba na masu amsa ba ne, na jimlar ne da masu rubuta irinta. Domin gano inda matsalar ta samo asali, sai mun leƙa Turanci, saboda daga can ne aka kwaso ginin wannan jimla.

A Turanci akwai wata 'yar kalma, "fold", da ake liƙa wa lamba a baya don a nuna yawan ninki: "twofold", "tenfold", "hundredfold". Idan ta tsaya da ƙafarta kuwa, ma'anarta ninke abu, kamar tufa ko takarda. Tsohuwar kalma ce. A Turancin da ake yi a Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce ana rubuta ta "feald", kuma tun a lokacin tana yin aikin nan biyu. Suna cewa "twifeald" ga abu mai ninki biyu, "manigfeald" ga mai ninki da yawa, wadda ita ce ta zama "manifold" ta yau. Har suna da "anfeald", mai ninki ɗaya, wato abu sassauƙa wanda ba shi da wani ɓoyayyen lungu. Jamusanci, da yake dangin Turanci ne, yana da irinta har gobe.

Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Turanci, suka zo da "double" da "triple". Waɗannan suka ture "twofold" da "threefold" daga bakin mutanen kasuwa, suka bar su a littattafai da rahotanni. Abin sha'awa shi ne baƙin kalmomin ma daga ninki suka fito. Tushensu Latin ne, inda "plicare" ke nufin ninkewa, "duplex" kuma mai ninki biyu. Sunan nan da dillalan gidaje ke kiran wani irin gida da shi a Abuja da Kano daga nan yake. Kalmar "multiply" da malamin lissafi ya yi ta nanata mana a firamare, in aka feɗe ta, "ninki da yawa" kawai take nufi. "Simple" mai ninki ɗaya ce. "Duplicity", wato yaudara, mai ninki biyu ce, abin da mu muke kira fuska biyu ko baki biyu. Hatta difloma da ɗalibanmu ke wahala a kanta, asalinta kalmar Girkanci ce mai nufin takardar da aka ninke biyu, kuma daga gare ta aka samo diflomasiyya.

To ga Hausa. Muna ninke zani, muna ninke tabarma, muna ninke wasiƙa, kuma da wannan kalmar dai muke cewa riba ta ninka. Wasu bakunan suna cewa nunka ko linka. Muna kuma da riɓi da riɓanya, waɗanda su ma suke aikin nan biyu: igiya riɓi biyu, lada riɓi goma. Ba aro muka yi daga Turawa ba, su ma ba daga gare mu suka ara ba. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun dubi abin da hannu yake yi da tufa, suka ga abu ɗaya ya hau kan kansa ya zama biyu ba tare da an kawo wani daga waje ba, sai suka ɗauki sunan aikin suka ba lissafi.

A nan Hausa ta fi Turanci sa'a. Bature na yau in ya ce "tenfold" da wuya ya tuna da tufa. Kalmar ta bushe, ta zama ta ofis. Mu kuwa tamu tana da rai. Basarken da ke ninke taru a bakin ruwan Yauri da yamma, da matar da ke jera atamfofi a shago, da ɗan kasuwar da ke cewa jarinsa ya ninka, kalma ɗaya ce a bakinsu, kuma kowannensu yana ganin hoton abin a ransa. Wannan dukiya ce ga marubuci. Ita ce kuma ta sa kuskure a kanta ya fi yi mana illa, don mai karatu yana ƙoƙarin ganin ninkin da idon zuci, in jimlar ta karkace sai hoton ya karkace.

Mu koma kan zanen goggo. In ta miƙa wa yarinyar shago turmi ta ce "ninka shi biyu", tana nufin ya zama shafi biyu. In ta ce "ninka shi huɗu", shafi huɗu take so, ko da yake hannu sau biyu kawai zai motsa. Ashe lambar da ke bin "ninki" a Hausar gado tana ƙirga shafukan da aka samu ne a ƙarshe. Haka "fold" take a Turanci: "fourfold" abu huɗu ne a madadin ɗaya. Saboda haka ninki biyu na goma ashirin ne, ninki uku talatin, babu gardama.

Gardamar tana farawa ne in aka cusa wa jimlar wata kalma. Ta farko ita ce "sau". "Ya ninka sau biyu" tana iya nufin ya zama biyu, tana kuma iya nufin an yi aikin ninkawa har karo biyu, wanda ya ba da huɗu. Mu da sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce mun san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ƙarama ba ce, domin duk lissafin na'ura a kan ninkawa a jere aka gina shi: 2, 4, 8, 16, 32. Ninki goma na abu ɗaya goma ne. Ninkawa sau goma a jere kuwa 1,024 ne, lambar nan da ake ƙirga megabait nawa ke cikin gigabait ɗaya da ita. Shi ya sa ma'ajiyar wayar da ke hannunka take zuwa 32, 64 ko 128, ba ka taɓa ganin 50 ko 70 ba. Ibn Khallikan, malamin tarihi na ƙarni na 13, ya kawo labarin wanda ya nemi ladan ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko na allon dara mai gida 64, biyu a na biyu, huɗu a na uku, haka har ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, sai masu lissafi suka nuna masa duk rumbunan duniya ba za su biya ba. Lissafin goggo ke nan, kuma daidai ne a muhallinsa.

Kalma ta biyu ita ce "ƙaru da". Wannan kai tsaye daga ginin jimlar Turanci aka kwafo ta, inda ake cewa abu ya ƙaru "by" kaza. Turawan ma suna rigima a kan irin wannan jimla tasu, editocinsu suna gargaɗin marubuta a kai. Mu sai muka ɗauko ta da cutarta. Da zarar an ce "ya ƙaru da ninki biyu", ƙanenmu mai akanta yana da hujja: abin da aka ƙara shi ne ninki biyu, uwar kuɗi tana gefe, jimla uku.

Kada a ɗauka wannan ruɗani na zamani ne ko na jahilai. Malaman Larabci sun sha fama da shi a kan kalmar "di'if", wadda tafsiranmu ke fassarawa da ninki. Abu Ubaida, masanin lugga na Basra, ya tafi a kan cewa in aka biyunta kalmar, uku ake nufi, wato asali da kwatankwacinsa biyu. Wasu malamai suka ce a'a, biyu ne. Maganar ta shiga har babin wasiyya a littattafan fiƙihu: mutum ya ce a ba wane ninkin rabon ɗansa, ko ninki biyu na rabon, nawa za a ba shi? Malamai sun zauna sun tsefe wannan ne saboda sun san haƙƙin marayu yana rataye a kan kalma guda. Abin da ya dame mu shi ne mu yau muna rubuta jimlolin da suka fi waɗannan duhu, mu wuce ko a jikinmu.

Ga misali daga rayuwar bakin tafki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Lita da ke ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 a Arewa cikin kwana biyu. Duk mai jirgin inji da ke jigila tsakanin Yauri da ƙauyukan tsallake ya ji a jikinsa, fasinja ma haka. A rubuce-rubucen Hausa na lokacin mun ga an bayyana wannan tashi ta hanyoyi iri-iri: wani ya ce ya ninka, wani ya ce ya ninka sau uku, wani ya ce ya ƙaru da kusan kashi 200 cikin 100. Na ƙarshen a lissafi daidai yake, amma a kunnen Bahaushe wani iri ne, domin "kashi" daga kasawa take, kuma ba a kasa abu ɗari a ɗebi ɗari biyu. Wanda ya ji 200 sai ya zaci ninki biyu ne, alhali kusan uku ne. Da an ce "kuɗin da ke sayen lita uku jiya, yau ɗaya yake saye", da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane nan take.

Mafi muni shi ne amfani da ninki wajen raguwa. Turanci yana cewa abu ya ragu "sixfold", masu fassara suka bi sawu da "ya ragu ninki shida". Mu gwada da zani: ta yaya za a ninka abu ya ragu? Ninki hawa ne, shafi kan shafi. Tarihin tafkin Kainji yana da wurin da wannan jimla za ta so shiga. An gina madatsar daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya taru ya yi tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohuwar Busa da gungunan da Gungawa ke noman albasa a kai, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. A shekarun farko kifi ya yi albarka, masunta suka yi ta zuwa daga nesa. Ƙiyasin masu bincike ya nuna kamun shekara ya kai kimanin tan 28,000 a farkon shekarun 1970, sannan ya faɗo zuwa wajen tan 4,500 a 1978. Marubucin da ya ce kamun "ya ragu ninki shida" bai ba mai karatu komai ya riƙe ba. Wanda ya ce "ya koma sudusin abin da yake a da" ya gama magana: kwando shida sun zama ɗaya.

Kuma muna da kalmomin a hannu. Rabon gado da zakka sun koya wa Bahaushe rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, sumuni da ushiri tun kafin boko ya zo. Matar da aka taɓa ba sumuni ta san ɗaya cikin takwas ne ba tare da an zana mata a allo ba. Lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa wajen 1,500 a 2024, dalar ce ta yi ninki uku. Naira kuwa ta koma sulusin darajarta. Jimla biyu ne masu kyau, kowacce da kalmarta.

Akwai wurin da maganar ta wuce kuɗi. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tsage ya nutse. Mutanen da ke ciki sun haura 150, waɗanda aka ceto da rai kimanin ashirin ne. Rahotanni sun saɓa a kan adadin fasinjojin, wasu suka ce 160 da 'yan kai, wasu suka ce 180, amma kowa ya yarda lodi ya yi yawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A hirarrakin da suka biyo baya mun sha jin ana cewa jirgin ya ɗauki "ninkin ba ninkin" abin da ya kamata. Maganar tana nuna zafin rai, amma ba ta hana wani jirgin tashi gobe da irin wannan lodi. Abin da zai yi amfani lamba biyu ne: jirgi mai girman kaza mutum nawa yake ɗauka, kuma nawa aka zuba masa. Da lamba biyun nan ne fasinja zai iya tsayawa a bakin ruwa ya ƙirga kawuna ya ce shi ba zai shiga ba, da su ne kuma za a iya tuhumar wanda ya yi lodin. Marubucin da ya rufe wurin lamba da karin magana ya sauƙaƙa wa mai laifi.

Wannan ya kawo mu ga ƙagaggun labarai, inda "ninkin ba ninki" ta zama gishirin kowace miya. Duk mai karanta littattafan da ake sakawa a waya babi-babi ya san irin jimlolin da muke nufi. Kyan yarinya ya ninka na kishiyarta sau dubu. Dukiyar Alhaji ta ninka ta mahaifinta ninkin ba ninki. Son da yake mata ya ninka wanda take masa sau miliyan. Ba mu ce a daina zuguguwa ba. Tatsuniya da waƙar baka da kirari duk da ita suka rayu. "Ninkin ba ninki" kanta kyakkyawar magana ce, tana nufin an yi ta ninkawa har ƙirga ta gaza. Amma in ta fito sau biyar a babi ɗaya, a kan kyau da kuɗi da fushi da kishi, to ta daina nufin komai. Kuma sau da yawa marubuci yana fakewa da ita ne don ya huta da aikin nunawa. Ya fi sauƙi a ce arzikin mutum ya ninka sau ɗari da a nuna cewa bara da kwalekwale ɗaya na aro yake su, bana yana da jirage uku masu inji da yara shida da ke yi masa aiki, har matarsa ta daina bin bashin gishiri. Jimla ta biyu ta fi tsawo, amma mai karatu ya ga mutumin, zai kuma ji tsoro tare da shi ranar da iska ta taso.

Ko a littattafan addini, inda ake maganar ladan da ba ya ƙirguwa, ba a raina lamba ba. Misalin ciyarwa a cikin Suratul Baƙara ya bi lissafi daki-daki: ƙwaya ɗaya, zangarniya bakwai, kowace zangarniya ƙwaya ɗari. Sai da mai sauraro ya riƙe 700 a hannu, sannan aka buɗe masa ƙofar ninkin da ya wuce haka. Misalin mai shuka a cikin Linjila ma da lamba ya zo, talatin da sittin da ɗari, kuma a nan ne "hundredfold" ta samu gindin zama a kunnen Turawa, masu fassara zuwa Hausa kuma suka yi amfani da riɓi. Manomi aka yi wa magana da abin da ya sani, mudu nawa ya shuka, buhu nawa ya girba. In an fara da ƙirge, zuguguwar da ta biyo baya tana da nauyi.

Wani zai ce harshe ba lissafi ba ne, mutane suna fahimtar juna a kasuwa ba tare da wannan tsefe-tsefe ba. Gaskiya ne, amma a kasuwa akwai damar tambaya. In dillali ya ce kuɗin warangi ya ninka, mai saye zai ce "wato nawa ke nan?", a faɗa masa. Rubutu ba ya amsa tambaya. Wanda ke karanta labari a waya a Dugu Tsoho ko Birnin Yauri ba shi da wanda zai ja wa riga. Kuma rubutun yanzu ba ya tsayawa inda aka ajiye shi: ana kwafa, ana turawa, ana karanta wa wanda bai iya karatu ba, manhajojin fassara ma daga abin da muka rubuta suke koyo. Jimlar da ta karkace yau za ta haifi 'ya'ya.

Shawararmu ga marubuta da editoci ba ta da yawa. A bar ninki ya ƙirga abin da aka samu a ƙarshe, kamar yadda yake yi a zani: "ya zama ninki uku na farashin bara". A raba shi da "ƙaru da". In ana nufin ninkawa a jere, a faɗa a fili: ya ninka, ya sake ninkawa. In abu raguwa ya yi, a kira rabi ko sulusi ko rubu'i. In akwai lambobin asali, a kawo su duka biyu, daga nawa zuwa nawa, domin su ba sa jawo gardama. "Ninkin ba ninki" kuma a adana ta sai inda ƙirga ta gaza da gaske.

Mun koma zauren dangi da jimlar a gyare: buhun da ke dubu goma ya zama ninki biyu. Ƙanenmu ya ce ashirin. Goggo ma ta ce ashirin, ta ƙara da cewa da tun farko haka muka faɗa da ba mu ɓata mata data ba. Sannan ta tambaya ko da gaske albasar ta tashi, don tana da buhu biyu a ajiye.